Albam ɗin da ke Ƙasan Akwati: Hoto da Tarihin Talaka a Batsari da Safana

A watan Maris na 1853 Heinrich Barth, matafiyin nan Bajamushe da aka sani a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya bar birnin Katsina ya nufi Sakkwato. Ayarin da ya shiga bai miƙe yamma kai tsaye ba, saboda fargabar mayaƙan Gobir. Sai da ya karkata kudu, ya bi ta Kuraye da Kurfi, ya ratsa Zakka, wadda a yau take cikin Ƙaramar Hukumar Safana, kafin ya kutsa dajin da ya raba ƙasar Katsina da Zurmi. A lokacin an yi shekara 14 da bayyana fasahar ɗaukar hoto a birnin Faris, amma Barth bai zo da kyamara ba. Fensir da littafin rubutu ne guzurinsa. Zane-zanen da suka ƙawata littattafansa daga baya, wani mai zane a Jamus, Johann Martin Bernatz, shi ya fitar da su daga 'yan zayyane-zayyanen da Barth ya koma da su, alhali shi bai taɓa sa ƙafa a ƙasar Hausa ba.

Yankin da Barth ya ratsa bakin daga ne. Tun da jihadi ya fitar da sarakunan Haɓe daga Katsina wajen 1807, suka je suka kafa Maraɗi, ƙasar da ta taso daga Ruma zuwa dajin Rugu ta zama filin hari da ramuwa na tsawon shekaru. Garuruwa suka tashi, waɗanda suka rage suka kewaye kansu da ganuwa ko suka jingina da duwatsu. Daga wannan zamani aka gaji labaran jarumai irin su Ɗanwaire, Sarkin Ruma. An gaji suna da kirari, amma ba a gaji fuskar manomi ko makiyayi ko guda ba. A ƙarni na 20, da hare-hare suka lafa, jama'a suka komo, aka sare daji, aka kafa ƙauyuka da rugage, kasuwanni suka ci. Yau ga shi wasu daga cikin ƙauyukan sun sake zama kufai. Bambancin wannan tashi da na farko shi ne, a tsakaninsu an yi kusan shekara ɗari ana ɗaukar hoto. Abin tambaya shi ne wa ya ɗauka, me ya ɗauka, kuma ina hotunan suke.

Kyamarar farko da ta zauna a ƙasar Katsina tare da mulki ta zo. Lugard ya shiga birnin a 1903, kuma Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, yana cikin sarakunan Arewa da aka fi ɗauka hoto a zamaninsa, musamman bayan tafiyarsa Makka da Ingila a 1921. Idon kyamarar Bature yana da abubuwan da yake so: sarki da dogarai, hawan Sallah, hasumiyar Gobarau, ɗaliban Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 sun yi sahu. In ta juyo kan talaka, ba mutum take gani ba, samfuri take gani. Za a rubuta a ƙarƙashin katin cewa wannan Bahaushe ne ɗan kasuwa, waccan Bafulatana ce mai tallan nono, babu suna, babu gari. Jami'in da ya fito rangadin haraji da jangali a gundumomin Ruma da Safana, in ma akwai kyamara a jakarsa, to abin da ya ɗauka ya bi shi Ingila.

Mutanen karkara sun daɗe suna kallon hoto kafin su mallaki nasu. Sun gan shi a shafukan Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa daga Zariya a 1939, sun kuma gan shi yana motsi a farin ƙyallen majigi da ake kafawa a ƙofar fada. Daga nan suka koyi yadda mai shiga hoto yake kasancewa: babban mutum ne, ya sha riga, ya zauna daram, ya dubi gaba bai yi dariya ba. Wannan darasi ya zauna sosai. Har yau dattijon ƙauye in aka ɗaga masa waya, sai ya gyara hula, ya ɗora hannuwa a gwiwa, ya ɗaure fuska, ko da kuwa yanzun nan yake ƙyalƙyala dariya.

Kalmar ma aro ce daga Turanci, kuma Bahaushe bai tsaya a ma'anarta ta asali ba. In ya ce wani shugaba hoto ne kawai, yana nufin siffa ce babu iko. Akwai ɗan rashin yarda a cikin wannan amfani, kuma yana da tushe a addini. Hadisan da suka yi gargaɗi ga masu yin sura sanannu ne, malamai kuma sun rabu a kan ko hoton kyamara ya shiga cikinsu. Shaihu Muhammad Bakhit al-Muti'i, wanda ya riƙe muƙamin muftin Masar a farkon ƙarni na 20, ya rubuta risala yana cewa hoton kyamara tsare inuwa ne, kamar abin da madubi ke nunawa, ba ƙagen halitta ba ne. Wasu suka tsananta, suka ce sai dai don larura. A aikace kuwa, ɗakunan 'yan ɗarika ba su rasa hoton Shehu Ibrahim Inyass a bango ba, a yayin da a wasu gidajen akan kife hoto ko a sauke shi kafin a tayar da salla. Abin da ya raba gardamar a ƙarshe ba fatawa ba ce. Hukuma ce ta fara neman fuska.

Maniyyaci yana bukatar fasfo. Yaron da zai zana jarrabawa yana bukatar ƙaramin hoto, haka mai neman aikin En'e ko shiga soja. Ta wannan ƙofa galibin mutanen karkara suka fara tsayawa gaban kyamara, kuma ga da yawa daga cikin tsofaffin Batsari da Safana da suka riga mu gidan gaskiya, wannan ɗan hoto mai hatimi a gefe shi kaɗai ne ya rage. Mai ɗaukarsa yakan kafa akwatin katako mai ƙafa uku kusa da kotu ko gidan waya ko tasha, irin wanda ake kira wet-an-get. Akwatin shi ne kyamara, shi ne kuma ɗakin wanki. Mai hoto zai buɗe murfin gilashin na ɗan lokaci ya rufe, ya zura hannu ta wani hannun riga da aka ɗinka a jikin akwatin, ya tsoma takardar a ruwan magani a cikin duhu. Abin da ke fitowa juyayye ne, fuska fara, farar riga baƙa. Sai ya manna shi a wani ɗan allo gaban gilashin ya sake ɗauka, hoto ya fito daidai. Kafin mutum ya gama cin goro an miƙa masa, da sauran danshi. Da fari Yarbawa da Ibo ne suka riƙe sana'ar a garuruwan Arewa, daga baya yaran da suka koya a hannunsu suka buɗe nasu shagunan.

A Amurka, kamfanin Kodak ya fitar da kyamarar Brownie a 1900 a kan dala ɗaya, ya sa magidanci da matar gida da yaro suka zama masu ɗaukar hoton kansu. A kudancin Nijeriya ma an sami irin su J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya fara da Brownie a 1950 kafin ya shahara da hotunan kitso. A karkarar Katsina wannan mataki kusan tsallake shi aka yi. Kyamarar gida ta tsaya a hannun 'yan tsiraru, malamin makaranta, ko ma'aikacin gona, ko alhajin da ya yo tsarabarta daga Jidda. Sauran jama'a sai dai su jira mai hoto.

Shekarun 1970 su ne suka yi wa mai hoto kasuwa. Ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975, da shirin ilimin firamare kyauta na 1976, da gyaran ƙananan hukumomi na wannan shekarar, sun samar da masu albashi a garuruwan da a da ba su da su. Ranar kasuwa, kamar Alhamis a Batsari, da ranakun Sallah da biki da suna, mai hoto yana yawo a keke ko babur, kyamara rataye a wuya. Filim ɗinsa hoto 24 ko 36 yake ci, ba zai kuma kai wanki ba sai ya cika. Daga nan sai tafiya Katsina, in mai launi ne wani lokaci har Kano. A ba da kafin alƙalami, a jira mako biyu ko uku, wani zubin kuma a dawo da labarin da kowa ke tsoro, cewa filim ya ƙone.

Tsadar nan ita ta tsara abin da ya shiga hoto. Ba wanda zai biya kuɗi a ɗauke shi yana huɗa da tsummar riga. Masanin zamantakewa na Faransa, Pierre Bourdieu, da abokan aikinsa sun lura da irin haka a littafin da suka fitar a 1965 kan hoton talakawa: manoman ƙauyen Faransa biki suke ɗauka, ba aikin yau da kullum ba, domin aikin hoto a wurinsu shi ne tabbatar da cewa dangi sun haɗu kuma suna da mutunci. Saurayin Runka ko Wagini bai bambanta da su ba. Zai tsaya da agogo a bayyane, rediyo mai kaset a hannu, ko ya dafa babur, kuma ba lallai ba ne ko ɗaya ya zama nasa. A situdiyo akwai labulen da aka zana wa bene ko jirgin sama. Kiran wannan ƙarya kuskure ne. Hoton yana faɗin gaskiya game da burin mutum, abin da takardun hukuma ba su taɓa tambayarsa ba. Irin wannan aiki ne ya kai Seydou Keïta da Malick Sidibé na Bamako, da Philippe Koudjina na Yamai, manyan ɗakunan baje kolin duniya. Takwarorinsu na karkarar Hausa ba su sami mai tattara negetif ɗinsu ba, akasari an share an zubar ranar da aka mayar da shagon wurin cajin waya.

Mai neman tarihi a irin waɗannan hotuna, bayan mutumin ya kamata ya duba. Wanda aka ɗauka ya shirya kansa, amma bai shirya abin da ke bayansa ba. A can ake ganin jinka tana ba kwano wuri, da yawan rumbunan da ke tsakar gida, da kuka ko ɗorawa ko gawon da yanzu babu ko kututturensa. A ɗakin amarya ana ganin jeren tasoshi da kwalla kafin kabet ya kore su. A fuskokin kakanni akwai aska, a na jikoki babu. Wanda ya jera hotunan 'yan matan gida ɗaya daga 1975 zuwa 2000 zai ga yadda ɗaurin kallabi da gyale suka koma hijabi, zai kuma iya kusantar shekarar da abin ya juya fiye da yadda tunanin kowa zai iya ba shi, domin kowa yanzu yana tuna cewa da ma haka ake. Akwai kuma abin da ya fi waɗannan nauyi a yau: hotunan suna da na kasuwa da na wasan sharo, inda manomi da makiyayi suke tsaye kafaɗa da kafaɗa, wani lokaci ma surukai ne. Yaron da aka haifa a Batsari a 2012 bai san wannan zama ba sai a bakin manya, bakin manya kuma ɗaci ya shige shi. Takardar ba ta san abin da ya faru daga baya ba, saboda haka ba ta gyara labarinta ba.

Amma albam yana da manyan giɓi. Mai hoto namiji ne, ba ya wuce zaure sai ranar biki, saboda haka matan kulle, waɗanda su ne ke riƙe da sana'ar ƙuli-ƙuli da fura da daddawa, kusan ba sa ciki sai a matsayin amare. Aiki ba ya ciki. Yunwa ba ta ciki: farin 1973 da na 1984 sun girgiza karkarar Katsina, amma ba a gayyatar mai hoto ranar da aka sayar da saniyar ƙarshe. Abin da aka sani na rayuwar manomi a wancan lokaci ya fi fitowa daga baƙin masu bincike, irin su Polly Hill da ta yi nazarin Batagarawa a littafinta na 1972, da Michael Watts da ya zauna a Kaita ya rubuta kan yunwa a 1983.

Duk da haka albam ya yi aikinsa a cikin gida. Baƙo in ya zo, bayan ruwa sai a miƙa masa shi ya rage zaman jira, wanda hakan gabatar da dangi ne ba tare da magana ba. Ɗan ci-rani a Ikko yakan aiko da hotonsa don a san yana nan lafiya kuma ya yi ƙiba. Saurayi da budurwa sukan yi musaya, in aka ɓata kuma a aika a karɓo, wani lokaci a yanke rabin da almakashi. A shekarun 1990 kalandar biki ta shigo, ta fito da fuskar amarya daga ƙasan akwati zuwa bangon shagon tela, abin da ya jawo surutu a lokacin.

Sai waya ta zo. Kamfanonin salula sun fara aiki a Nijeriya a 2001, sabis ya ɗauki shekaru kafin ya kai ƙauyuka, wayoyi masu kyamara kuma suka biyo baya, da katin memori da masu tura hotuna da waƙoƙi a bakin kasuwa. Wayoyin Tecno da itel na kamfanin Transsion na ƙasar Sin su suka sauko da farashin har ya iso hannun ɗan acaɓa da matar aure. Akwai wani abu da kamfanin ya yi wanda ya cancanci ambato: ya daidaita kyamarorinsa don su fitar da baƙar fata da kyau, alhali filim mai launi na zamanin da an auna shi ne da fatar Turawa, shi ya sa a tsofaffin hotunan biki farar shadda take ƙyalli fuska kuma ta dushe. Kodak ya shelanta karyewa a 2012. Mai hoton ƙauye ya riga shi. Ko ɗan hoton fasfo da ke riƙe da shi ya ragu, tun da rajistar masu zaɓe ta 2011, da lambar banki ta 2014, da katin ɗan ƙasa, duk da kyamararsu suke zuwa.

Abin da ya canza ba yawa kaɗai ba ne. Da kuɗin ɗaukar hoto ya zama babu, sai abin da a da bai kai a ɗauka ba ya kai. Kyamara ta shiga madafi a hannun masu madafin. Jajibirin Sallah ana murza cincin, ana suyar dubulan, alkaki yana shan zuma, nakiya a faranti, washegarin layya nama yana rataye a igiya, ƙafafu sun sha lalle an naɗe su a leda. Mace ce ke ɗauka, ita ke zaɓen wanda zai gani, kuma da yawa sun mayar da hoton talla: a ɗora a WhatsApp da safe, kafin azahar an aiko yaro da kuɗi. A waje kuma samari suna ɗaukar tulin rogo ranar haƙa, da gero ya yi kai a watan Agusta, da rafi ya kawo. Yawon Sallah ya koma yawon hoto, a hau duwatsun da suka warwatsu daga Dutsin-ma zuwa Safana da Ruma, ko a haɗa kuɗin mai a tafi madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka kammala a 1983, a yi selfi ruwa na baya. Hotunan ba su da tsari, rabinsu sun karkace, wasu yatsa ya rufe gefe. Amma wannan ne karo na farko tun zamanin Barth da mutanen wannan yanki suka ajiye kamannin ranakunsu da hannunsu, ba tare da baƙo ko hukuma ko ɗan kasuwa a tsakani ba.

Rashin sa'ar shi ne lokacin da abin ya zo. Shekarun da waya mai kyamara ta game ƙauyuka su ne shekarun da satar shanu a dajin Rugu ta rikiɗe ta zama kisa da garkuwa da mutane. A watan Mayu na 2019 aka kashe mutum 18 a 'Yargamji ta Batsari, jama'a suka ɗauko gawarwakin har birnin Katsina domin mahukunta su gani da idonsu. A Fabrairun 2020 aka kashe 30 a Tsauwa da Dankar. A Afrilun shekarar aka kashe 47 a ƙauyukan Safana da Ɗanmusa da Dutsin-ma. Wayar da ta ɗauki cincin ita ta ɗauki waɗannan. Gani ya kori ji, kuma babu shakka hotunan da mutanen gari suka watsa sun hana a musanta abubuwa da dama, ko a rage adadi a sanarwa. Sai dai an biya farashi. Gawar da shari'a ta ce a suturta ta yi ta yawo a wayoyin baƙi, uwa takan ci karo da hoton ɗanta ba shiri, tsofaffin hotuna da na wasu ƙasashe sukan dawo da sabon suna. Wanda ya rubuta Batsari a intanet yau, abin da zai tarar ke nan, kamar garin bai taɓa yin Sallah ba.

Su ma 'yan bindiga sun gane amfanin kyamara. Hoton Gwamna Aminu Bello Masari tsaye kusa da wani mai riƙe da bindiga, lokacin zagayen sulhu na Satumbar 2019, ya zaga ƙasar nan, kuma kowane ɓangare ya karanta shi yadda ya so. Daga baya aka ga 'yan daji a TikTok suna baje kuɗi. A tarurrukan sulhun da aka yi a Jibiya da Batsari da Safana a 2025, wayoyi sun tashi sama daga ɓangarorin biyu.

Ga talaka kuwa hoto ya zama abin tsoro. Waɗanda suka kuɓuta daga daji sun sha ba da labarin yadda ake bincike wayar wanda aka kama, a duba gidansa da motarsa da ko yana da ɗan'uwa mai kaki, a yanka kuɗin fansa daidai da abin da aka gani. Agogon aro da babur ɗin aro da saurayin 1980 ya yi ado da su, a yau za su iya jawo wa mutum miliyoyi. Matafiya suka koyi goge hotuna kafin su hau hanya. Wanda aka ga yana ɗaukar hanya ko kasuwa ko shingen jami'an tsaro, ana iya ce masa infoma, kalmar da ta isa ta sa a rasa rai. Hawan dutse da zuwa bakin ruwa suka ja baya. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Batsari da Safana, aka yi watanni ba sabis. Wanda zai rubuta tarihin yankin nan gaba zai tarar da wannan giɓi a hotunan jama'a, kamar shafukan da aka yage.

Tsofaffin hotunan ma suna tafiya. Wanda aka tasa da tsakar dare yara yake ɗauka, ba albam ba. Gidan da aka bari, in wuta ba ta ci shi ba, gara da damina za su ci. Iyalan da suka watse zuwa garin Batsari da Katsina da Dutsin-ma, ko suka tsallaka jihar Maraɗi, kowa ya tafi da abin da ya zo hannunsa. Hotuna masu launi na shekarun 1980 suna komawa ja-ja suna dushewa, sun fi baƙi-da-fari saurin lalacewa, ledar albam mai gam kuma tana cinye fuska. Na waya sun fi rauni duk da yawansu. Suna mutuwa tare da wayar da ta faɗa rijiya ko aka ƙwace a hanya, ko katin memorin da ya daina buɗewa, ko shafin Facebook da aka manta mabuɗinsa bayan an rufe layin da aka yi rajista da shi. Wanda aka tura ta WhatsApp kuma an matse shi, an cire masa bayanan ranar da aka ɗauka. Ba abin mamaki ba ne hoton fasfo na 1975 ya riga hoton Sallar 2018 isa hannun jikoki.

Wuraren ajiya akwai su: Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, gidan tarihi da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, ga jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta tarayya a Dutsin-ma, wadda ke maƙwabtaka da Safana. Amma an gina al'adar ajiyarmu a kan takardun mulki da rubuce-rubucen malamai da hotunan manya. Yusufu Bala Usman, da zai rubuta tarihin Katsina da ya fito a 1981, sai da ya bi garuruwa yana zama gaban tsofaffi, domin ya san abin da yake nema ba ya cikin fayil. Hoton gida irin wannan shaida ce, kuma wasu ƙasashe sun ɗauke ta da muhimmanci. A Hangari, taskar Fortepan da aka buɗe a 2010 ta faro ne daga hotunan da wasu abokai biyu suka riƙa tsinta a sharar titunan Budafes, yau kuma masana tarihi da 'yan jarida ba sa rabuwa da ita. A Japan, bayan ambaliyar teku ta 2011, 'yan sa-kai a garin Yamamoto sun wanke hotuna kusan 750,000 da aka tono daga laka, suka ɗauki kwafinsu, suka yi ta neman masu su.

Aikin a nan ba zai zama kwafin nasu ba. Hoton matar aure ba abin bajewa ba ne sai da yardarta da ta gidanta, kuma a yankin da ake yanka fansa da hoto, sanya fuska da sunan gari a intanet na iya zama cutarwa. Abin da zai yiwu yanzu ƙarami ne, kuma galibin masu karanta wannan shafi suna da halinsa, domin da wuya a rasa irin wannan albam a akwatin gyatuma. A fitar da hotunan daga leda mai gam, a ɗauki kwafinsu a inuwa da waya mai kyau, gaba da baya, a ajiye a wuri fiye da ɗaya, a mayar wa mai su da nasa. Sannan a zauna da wanda ya san fuskokin a rubuta abu uku: wane ne, a ina, wace shekara, ko da kuwa shekarar sai an ce bayan Udoji ko kafin a ba Katsina jiha a 1987.

Na ukun ana iya ƙiyasta shi daga ɗinki da hula, na farkon ma wani dangi zai iya tunawa. Na biyun ne mai wuya. Katangar ƙasa da bishiyar darbejiya iri ɗaya ce daga Ruma har Runka, kuma in ƙauyen da aka ɗauki hoton ya tashi, babu inda za a je a gwada. Masu iya duban kwanar wani lungu su ce nan ƙofar gidan wane ce, kusa da rijiyar da ta ƙafe, yawancinsu tsofaffin mata ne, da dama kuma suna zaune yanzu a ɗakunan haya da gidajen dangi a bayan garin Katsina.